Saɗarar PTEN da Matsalar Kalmar “Gado” a Bayanin Ciwon Daji

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban ɗalibai domin ya bayyana musu ilmin halittar jiki da harshen Hausa ya san inda gizo yake saƙar. Kalmar ƙwaya tana ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinta. Akwai ƙwayar hatsi, da ƙwayar ido, da ƙwayar magani, da ƙwayar cuta, sa'an nan ga ƙwayar halitta, wadda a gidajen rediyo da jaridu ake kiran abubuwa biyu mabambanta da ita, watau ɗan ƙanƙanin ɗakin da aka gina jiki da shi, da kuma rubutaccen umarnin da yake cikin wannan ɗaki. Da aka ga rikicin ya yi yawa sai waɗansu suka ware na biyun suka ce masa ƙwayar gado. An yi maganin wata matsala ke nan, amma kuma an haifi wata, domin kalmar gado a kunnen Bahaushe tana da nauyin da ya wuce abin da masana kimiyya suke nufi.

Wannan maƙala za ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan umarce-umarce, wanda ake kira PTEN, ta yi bayanin abin da yake yi a jiki da abin da yake faruwa idan ya lalace. An zaɓe shi ne saboda yana cikin waɗanda aka fi samu a lalace a ciwon daji iri-iri, kuma labarinsa ya nuna ƙarara cewa abu yana iya zama a rubuce cikin halittar mutum ba tare da ya gaje shi daga kowa ba, ba kuma tare da zai gadar wa kowa ba.

Kafin a shiga zance, ya kamata a daidaita kan kalmomi. A nan za a kira ɗan ƙanƙanin ɗakin nan ƙwayar jiki. Jikin baligi yana da su kimanin tiriliyan 30. A tsakiyar kusan kowane irinsu akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda aka jera haruffa huɗu a kansa ana maimaitawa, har wajen haruffa biliyan 3 daga wajen uwa da wasu kamarsu daga wajen uba. An rarraba zaren cikin kundaye 46, watau 23 sau biyu, kowane kundi ana ce masa kuromosom. Yankin zaren da yake ɗauke da umarnin ƙera abu guda shi ne za mu kira saɗarar halitta, ko saɗara a taƙaice, kamar dai saɗarar rubutu a littafi. Saɗarun da suke ba da umarnin ƙera furotin sun kai kimanin 20,000. Furotin kuwa su ne ma'aikatan jiki, kuma daga cikinsu akwai wani jinsi mai suna inzayim, wanda aikinsa shi ne hanzarta sauya wani abu zuwa wani.

Ɗorawa da Cirewa

Fosfat ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ko da sunansa bai zauna a baki ba. Shi ne sinadarin da yake cikin takin zamanin nan da manoman gyaɗa suke kira sufa, wanda aka kafa wa masana'anta a Kaduna cikin shekarun 1970. Akwai duwatsunsa a ƙasar Sakkwato da ta Tawa, kuma shi da alli ne suka haɗu suka ba ƙashi taurinsa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne wani aiki dabam da jiki yake yi da shi: yana amfani da ɗan ƙullin fosfat guda a matsayin alama. Idan aka liƙa wa furotin wannan ƙulli sai siffarsa ta ɗan sauya, ya tashi aiki ko ya daina. Idan aka cire sai ya koma yadda yake. Inzayim mai liƙawa shi ne kainas, mai cirewa kuwa shi ne fosfatas. Wanda ya taɓa karɓo takardar gwajin hanta daga asibiti ya ga haruffan ALP a jiki, to ya riga ya gamu da ɗaya daga cikin dangin fosfatas, sai dai wancan aikinsa dabam ne da wanda muke magana a kai.

Tarihin gano wannan tsari yana da ban sha'awa. A farkon shekarun 1940, a birnin Sen Luwis na Amurka, Gerty Cori da mijinta Carl Cori da abokiyar aikinsu Arda Green suka lura cewa wani inzayim na tsoka yana da hali biyu, na aiki da na hutu, kuma akwai wani inzayim dabam da yake mayar da shi daga na farko zuwa na biyu. Wannan na biyun fosfatas ne, amma a lokacin ba a gane abin da yake cirewa ba. Sai a 1955 Edmond Fischer da Edwin Krebs, a Jami'ar Washinton da take birnin Siyatil, suka nuna cewa fosfat ne ake ɗorawa ana cirewa. Wannan aiki ya sa aka ba su lambar Nobel a 1992.

Abin mamaki, ko da yake mai cirewar aka fara cin karo da shi, mai ɗorawar ne ya kwashe hankalin masana shekara da shekaru. An ɗauka kainas shi ne mai hukunci, fosfatas kuwa bara ne kawai mai bin baya yana share wuri. Ana iya cewa an kalli al'amarin yadda talaka yake kallon sarauta, inda ranar naɗi ake kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, ranar tuɓewa kuwa shiru kake ji, alhali ikon da ya tuɓe bai gaza wanda ya naɗa ba. Yanzu an san jikin mutum yana da saɗarun kainas fiye da 500, da na fosfatas wajen 200, kuma da yawa daga cikin na biyun suna da tsananin zaɓe game da abin da suke taɓawa da lokacin da suke taɓa shi. Gano PTEN yana cikin abubuwan da suka kawo wannan sauyin ra'ayi.

Yadda Aka Gano PTEN da Aikin da Yake Yi

Tun cikin shekarun 1980 masu duba ƙwayoyin wani mugun ciwon daji na ƙwaƙwalwa suka lura cewa sau da yawa kuromosom na 10, ko wani yanki nasa, ya ɓace daga cikinsu. Hankali ya ba da cewa lalle akwai wata saɗara a wurin wadda rashinta yake sakin ƙwayar jiki ta yi ta hayayyafa. A 1997 ƙungiyoyin bincike uku suka cim mata, kowace ta hanyarta: ta Ramon Parsons a Jami'ar Kolombiya da take Niyu Yok, da ta Peter Steck a Hustan, da wata a Jami'ar Yel. Kowace ta raɗa mata suna, amma na Parsons ne ya bi ta. Haruffan huɗu taƙaitawa ce ta wani dogon suna na Turanci mai ma'anar fosfatas mai kama da furotin tensin, wanda ya ɓace daga kuromosom na goma. Saɗarar tana kan doguwar kafaɗar wannan kuromosom, a gurbin da ake rubutawa 10q23, kuma inzayim ɗin da take ba da umarnin ƙerawa jeri ne na tubala 403.

Da farko an zaci furotin yake cire wa fosfat, kamar sauran danginsa. A 1998 Tomohiko Maehama da Jack Dixon, a Jami'ar Mishigan, suka nuna cewa babban aikinsa a kan wani maiƙo ne da yake jikin bangon ƙwayar jiki. A nan ne ya kamata mu dakata mu duba sosai, domin wanda ya fahimci wannan gaɓa ya fahimci sauran.

Mutumin Katsina ba ya bukatar dogon bayani a kan ganuwa. A zamanin da birnin yake kewaye da ita, wanda ya zo da saƙo daga waje, ko ta Ƙofar Guga ya biyo ko ta Ƙofar 'Yanɗaka ko ta Ƙofar Sauri, sai ya bi ta hannun mai tsaron ƙofa, kuma idan dare ya yi an rufe, sai ya jira gari ya waye. Ƙwayar jiki ma tana da ganuwarta, wani siririn bango na maiƙo, da ƙofofi iri-iri a jikinsa. Bambancin shi ne, a nan manzo yawanci ba ya shiga. Sinadarin insulin, alal misali, ko ɗaya daga cikin sinadaran da suke umartar ƙwaya ta girma, yakan tsaya ne daga waje ya kama wani furotin da ya ratsa bangon, kansa a waje ƙafarsa a ciki. Wannan furotin shi ne mai tsaron ƙofar. Da ya ji an taɓa shi sai ya tashi wani kainas mai suna PI3K, wanda Lewis Cantley da abokan aikinsa suka bayyana a 1988. Shi kuma sai ya je jikin bangon ta ciki, inda akwai wani maiƙo mai suna PIP2, mai ɗauke da ƙullin fosfat biyu a kansa, ya ƙara masa na uku, ya zama PIP3.

Wanda ya saba da ajami zai gane girman wannan ɗan ƙari nan da nan. Harafin ta ɗigo biyu gare shi a sama, harafin ca kuwa uku, jikinsu ɗaya ne. Ɗigo guda ke nan tsakanin tuta da cuta. To, haka yake tsakanin PIP2 da PIP3. Mai ɗigo biyun ba ya kiran kowa a wannan hanya. Mai ukun kuwa da zarar ya bayyana a bango sai wani kainas mai suna AKT ya taso daga cikin ƙwayar ya manne masa, a tashe shi aiki, ya bazama yana isar da umarni: a jawo sukari daga jini, a ƙera sababbin furotin, a ƙara girma, a shirya rabuwa gida biyu, kuma kada a mutu. Wannan na ƙarshe yana bukatar bayani. Kowace ƙwayar jiki tana da tsarin kashe kanta idan ta tsufa, ko ta lalace, ko aikinta ya ƙare, kuma ta wannan hanya ce ma yatsun ɗan tayi suke rabuwa da juna a cikin mahaifa. AKT yana danne wannan tsari muddin yana kan aiki.

Aikin PTEN shi ne kankare ɗigon nan na uku, shi kaɗai, ya mayar da ca ta koma ta. Ba ya hana saƙo shigowa, sai dai yana tabbatar da cewa saƙon ya ƙare idan manzo ya tafi. Ba don shi ba, da umarnin da aka bayar da safe yana nan a bango har dare, har gobe, ana ta aiki da shi alhali wanda ya aiko ya daɗe da yin shiru.

Gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye sun nuna matsayinsa. A 1998 aka ga cewa ɓeran da aka cire wa saɗarar daga kundayen biyu, na uwa da na uba, ba ya ma kai haihuwa, tun yana tayi yake mutuwa. Wanda aka bar wa guda ɗaya yana rayuwa, amma ƙari yakan fito masa a gaɓoɓi da dama. A 2010 aka ƙara gano cewa ko da kashi 20 cikin 100 kawai aka rage na yawan inzayim ɗin, ɓerayen sun fi 'yan'uwansu kamuwa da ciwon daji, musamman na mama. Watau al'amarin ba na akwai ko babu ba ne kurum, har da na yawa da ƙaranci. A ɗaya gefen kuma, a 2008 masu bincike a Bostan sun kashe saɗarar a jijiyar idon ɓeran da aka ji wa rauni, sai jijiyar ta soma tohowa, abin da ba ta saba yi ba. Ashe abin da yake tsare mu daga ƙari shi ne kuma yake cikin abubuwan da suke hana jijiyar da ta tsinke komawa. Jiki ya zaɓi tsaro a kan gyara, kuma zaɓin yana da farashi.

Kuskuren Uwar Littafi da Kuskuren Mai Kwafe

Yanzu sai mu zo kan tambayar da ta sa aka rubuta wannan maƙala. Idan likita ya ce saɗarar PTEN ta lalace a ƙarin da aka ciro daga jikin wani, daga ina lalacewar ta zo?

Masu nazarin rubuce-rubucen hannu, irin waɗanda aka gada a gidajen malaman Katsina da Kano da Sakkwato, sun san kuskure iri biyu ne. Akwai wanda yake cikin uwar littafi, watau kwafin farko da kowa ya ɗauka daga gare shi. Wannan duk inda ka buɗe kwafi za ka same shi. Akwai kuma wanda wani almajiri ya shigar daga baya, ya tsallake saɗara ko ya ƙara ɗigo, sai ya zamana kwafinsa da waɗanda aka ɗauka daga nasa su kaɗai suke da shi, sauran kuwa lafiya lau. Jikin mutum daga ƙwaya ɗaya ya faro, wadda ta samu daga haɗuwar maniyyi da ƙwan mace. Ita ce uwar littafi. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe littafin gaba ɗaya, kuma wannan kwafewa ba ta tsayawa har mutuwa, a fata da hanji da jini da mama da sauransu. Ana gyara mafi yawan kurakuran da suke aukuwa, amma ɗai-ɗai sukan kuɓuce, kuma hayaƙin taba da waɗansu sinadarai da tsawon rai kansa suna ƙara yawansu.

Mafi yawan lalacewar PTEN da ake gani a asibiti irin ta mai kwafe ce. Ta auku ne a ƙwaya ɗaya, a gaɓa ɗaya, bayan mutum ya yi shekaru a duniya. Ana samunta a fiye da rabin ciwon dajin shimfiɗar cikin mahaifa na nau'in da ya fi yawa, da wajen sulusin mugun ciwon ƙwaƙwalwar da aka ambata, da kimanin ɗaya cikin biyar na ciwon dajin furostat a farkonsa, watau ƙululun nan da yake ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma adadin yakan ninka idan ciwon ya yaɗu. Amma da za a ɗebi jinin mai ciwon, ko yawunsa, a duba, sai a tarar da saɗarar lafiya lau. Maniyyinsa ko ƙwanta ma haka. 'Ya'yan da aka haifa kafin ciwon da waɗanda aka haifa bayansa ba su ɗauki kome daga wannan kuskure ba. Kuma PTEN ita kaɗai ba ta cika isa ta kawo ciwo ba, sai kurakurai da dama sun taru a ƙwaya guda, shi ya sa ciwon daji ya fi yawa ga waɗanda suka manyanta.

Akwai kuma irin na uwar littafi, ba a musun wannan. A 1963 likitoci biyu a Amurka, Lloyd da Dennis, suka bayyana wata larura da suka raɗa wa suna Kawdin, daga sunan gidan mara lafiyar da suka gani. A 1997, shekarar da aka gano PTEN, aka tabbatar cewa masu wannan larura da yawa an haife su ne da kwafi ɗaya a lalace a duk ƙwayoyin jikinsu. Alamunta sun haɗa da girman kai fiye da kima tun ƙuruciya, da ƙananan ƙuraje masu tauri a fuska da cikin baki, da tsiro a hanji, da kumburin ƙululun wuya irin na maƙoƙo. Waɗansu yaran sukan zo da jinkirin magana da wahalar cuɗanya da mutane. Haɗarin ciwon daji gare su babba ne: wani ƙiyasi na 2012 ya kai na mama ga mata har kashi 85 cikin 100 a tsawon rai, na ƙululun wuya da na ƙoda kuwa wajen sulusi kowanne. Wani abin lura, wanda ya dace da bayanin da ya gabata, shi ne binciken da aka yi a Okisfod a 2012 ya nuna jikinsu ya fi na sauran mutane jin kiran insulin, tun da ɗigon yana daɗewa a bango. Kowane ɗa da mai wannan larura ya haifa yana da rabin yiwuwar ɗauka. Wannan shi ne gado na haƙiƙa. Sai dai larurar ba ta da yawa. An daɗe ana ƙiyasta mutum 1 cikin 200,000, kuma ko da yake binciken baya-bayan nan yana nuna sun fi haka, har yanzu 'yan kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da ɗimbin masu ciwon daji.

Nauyin Kalmar Gado

A Hausa gado ya haɗa dukiyar mamaci, da sarauta, da sana'a, da hali. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, ana kuma cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da aka ce gado ne, to na gida ne gaba ɗaya, ba na mutum ɗaya ba, kuma ba a fita daga cikinsa. Shi ya sa idan maganar aure ta taso, a unguwannin Ƙofar Guga kamar sauran ƙasar Hausa, iyaye sukan aika a binciki asali, kuma cikin abin da ake tambaya har da ko akwai wani ciwo a gidan.

Mun taɓa ganin ɓarnar da saka ciwo cikin jerin gado ba bisa ƙa'ida ba take yi. Kuturta ƙwayar cuta ce take kawo ta, an san haka tun 1873 da Hansen ya gan ta a ƙasar Nowe, kuma tana warkewa da magani. An riƙa kula da masu ita a Asibitin Babbar Ruga kusa da birnin Katsina tun shekarun 1930. Duk da haka an daɗe ana ƙin auren 'ya'ya da jikokin wanda ya yi ta, a kan cewa abin a jini yake. Idan yau mai fassara ya ce wa jama'a ciwon daji yana samuwa ne daga lalacewar ƙwayoyin gado, to ya buɗe wa ciwon daji wannan ƙofa. Matar da ta ji ƙullutu a mamanta, tana da 'yan mata uku a gida ba su yi aure ba, za ta yi lissafin abin da zuwa asibiti zai jawo musu, ta ja bakinta ta yi shiru, ko ta nufi wajen mai magani a ɓoye. Dama sunan daji kansa yana ɗauke da tsohuwar fahimta ta ciwon da ba na gida ba, wanda ake ganin ƙarfen asibiti yana tunzura shi. Likitocin Nijeriya kuwa sun daɗe suna kukan cewa yawancin masu ciwon mama ba sa zuwa sai ciwon ya yi nisa. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya ba Nijeriya sababbin masu kamuwa kimanin 125,000 da mace-mace kimanin 79,000, na mama ne kan gaba, sai na furostat, sai na bakin mahaifa.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne jama'a sun riga sun koyi darasin gado daga amosanin jini, watau sikila, kuma sun koye shi daidai. Wannan kuskuren harafi ɗaya ne a wata saɗara ta kuromosom na 11, yana cikin uwar littafi, kimanin rubu'in 'yan Nijeriya suna ɗauke da kwafi ɗaya, kuma idan masu ɗauke da shi biyu suka yi aure kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Gwaji kafin aure ya zama ruwan dare, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Wanda ya san wannan, in ya ji an ambaci irin kalmar a kan ciwon daji, dole ya auna shi da mudu ɗaya. Amma a duniya baki ɗaya kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na ciwon daji ake dangantawa da kuskuren da aka gada. A wani babban bincike da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka buga a 2018, a kan mata fiye da 1,000 masu ciwon mama a Ibadan, an sami wajen kashi 15 cikin 100 da irin wannan kuskure, akasari a saɗarun BRCA1 da BRCA2. Adadin ya fi na Turai, kuma ya isa a ɗauke shi da muhimmanci. Amma ko a nan, shida cikin bakwai ba a same su da shi ba.

Daɗin daɗawa, akwai ciwon da yakan bi gida ba tare da ya shiga saɗara ba. Ciwon dajin hanta a ƙasashenmu yawanci yana biyo bayan ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ake ɗauka daga uwa wajen haihuwa ko tsakanin yara a gida ɗaya, ga kuma dafin fumfunar da take kama gyaɗa da masara idan ajiya ba ta yi kyau ba. 'Yan gida ɗaya, rumbu ɗaya, sai a ga ciwo ɗaya, a ce gado ne, alhali allurar rigakafi da shanya amfanin gona da kyau suna rage shi. Na bakin mahaifa ma ƙwayar cuta ce sanadinsa, kuma an shigar da rigakafinta cikin alluran da ake yi wa 'yan mata a Nijeriya tun Oktoba 2023.

Bambanta kuskuren biyu yana da amfani har a wajen magani. A Nuwamba 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna capivasertib, wanda yake danne AKT, domin wani nau'in ciwon mama da ya yaɗu, ga waɗanda aka sami lalacewar PTEN ko PI3K ko AKT a ƙarinsu. Hikimar a fili take: tun da mai kankarewa ya tafi, sai a toshe kunnen mai karanta ɗigon. Gwajin da ake yi kafin a ba da shi a kan ƙarin ake yi, kuma sakamakonsa labarin ƙarin ne, ba labarin zuriyar mai shi ba. Haka kuma binciken da aka yi a Amurka ya nuna ɓacewar PTEN ba ta kai yawa a ciwon furostat na baƙaƙen fata kamar yadda take a na farare ba, ko da yake ciwon ya fi kashe baƙaƙen. Wannan ya isa ya gargaɗi malami kada ya kwashi adadin da aka tattara a kan wata al'umma ya shimfiɗa wa ɗalibansa a Katsina kamar a kansu aka auna.

Saboda haka ne muke ganin ya fi kyau a raba kalmomin tun daga aji. A bar gado ga abin da yake bin zuriya da gaske, kamar sikila da larurar Kawdin, a ce masa kuskuren saɗara na gado. Wanda ya auku a gaɓa ɗaya bayan haihuwa a ce masa kuskuren saɗara na daga baya. Ba dole ne kalmar saɗara ta zama ita ce za ta zauna ba. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Katsina, su ne da hurumin zama da likitoci a tace. Sharaɗin dai shi ne kalmar da za a zaɓa wa wannan yanki na DNA kada ta ƙunshi gado a cikinta, domin mai fassara a ɗakin likita ya iya gaya wa mace cewa saɗarar ta lalace a ƙarin da aka ciro, sa'an nan, in ta tambaya game da 'ya'yanta, ya sami wata kalma dabam da zai amsa mata da ita.